Yadda Za Ka Ajiye Lakabin Zane Tare da Bayananka a R Ba Tare da Ka Cinye RAM Ba

Tambayoyi biyu ne masu rubuta kundin digiri da ma'aikatan tattara alƙaluma suka fi damuna da su a kan R, manhajar nazarin alƙaluma, kuma sai daga baya na lura ashe uwarsu ɗaya. Na farko yana kukan cewa duk lokacin da zai yi zane sai ya sake rubuta take, da sunan kowane gefe, da launuka, har ya kai ga zane na uku ya saɓa da na farko. Na biyu ya ce shi ya yi dabara, ya ajiye zanen ɗungurungum a fayil, sai ga fayil ya kumbura, kwamfuta kuma ta sandare da saƙon nan na "cannot allocate vector of size". Duk su biyun abu ɗaya suke nema: bayanin zane ya riƙa tafiya tare da bayanai. Hanyar da na biyun ya bi ce ta ɓata.

Lakabi da launi da take ba sa cin wuri. Abin da ke cinye RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, shi ne kwafin bayanai da ke laɓewa a cikin abin da ka ajiye ba ka sani ba. Ga yadda nake tsara aikin, daki-daki. Zan yi misali da bayanan mata na binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018, wato NDHS, domin shi ne ya fi yawan kayar da ƙananan kwamfutoci a hannun ɗalibanmu.

Kayan aiki

R 4.2 ko wanda ya fi shi sabunta. Dalilin nacewa a kan 4.2 zai zo a mataki na 8, inda ƙ da ɗ da ɓ suke shigowa. RStudio idan kana so. Sai ƙunshi huɗu, wato packages: haven, lobstr, ggplot2 da ragg. Duk kyauta ne, kuɗin data na saukewa kawai za ka kashe.

```r
install.packages(c("haven", "lobstr", "ggplot2", "ragg"))
```

Kwamfuta mai RAM na GB 4 ta isa wannan aikin idan ka bi matakan a jere.

1. Yi lissafi kafin ka buɗe fayil

R yana ɗora bayanai gaba ɗaya a cikin RAM, don haka kafin ka danna komai ɗauki biro. Kowace lamba ta yau da kullum tana cin bayit 8. Cikakkiyar lamba irin ta integer tana cin 4, haka ma TRUE da FALSE. Ginshiƙin rubutu yana cin bayit 8 a kowane layi, ban da nauyin kalmomin kansu, waɗanda R ke ajiye kwafi ɗaya na kowace komai yawan maimaituwarta.

Lissafin ke nan: layuka sau ginshiƙai sau 8. A binciken 2018 an zanta da mata 41,821, kuma fayil ɗinsu yana da dubban ginshiƙai. A ƙaddara 5,000 ne. Ka ga 41,821 sau 5,000 sau 8 ya haura bayit biliyan 1.6, kusan GB 1.7. A kwamfutar GB 4 wadda Windows da burauza suka riga suka kwashi rabonsu, wannan kaɗai ya isa ya durƙusar da ita. Ni dai ƙa'idata, sai in ga ina da sarari ninki biyu zuwa uku na girman bayanan kafin in ce zan yi aiki a kansu hankali kwance, saboda R yakan yi kwafi na wucin gadi a tsakiyar aiki.

Hattara: kada girman fayil a faifai ya ruɗe ka. Stata, manhajar alƙaluman da fayil ɗinmu na .dta ke cikin tsarinta, yana iya ajiye ƙaramar lamba, kamar 1 ko 2, a bayit guda. Idan haven, ƙunshin da ke karanto fayilolin Stata zuwa R, ya karanto ta sai ta koma mai bayit 8. Fayil da ka gani ɗan madaidaici a folda yana iya ninkuwa sau da yawa da zarar ya shiga R.

2. Karanto ginshiƙan da kake buƙata kawai

Wannan matakin shi kaɗai ya fi duk sauran rage nauyi. Fara leƙa sunayen ginshiƙai ba tare da ɗauko layuka ba, sannan ka zaɓa.

```r
library(haven)
leke <- read_dta("mata2018.dta", n_max = 5)
names(leke)

mata <- read_dta("mata2018.dta",
                 col_select = c(v005, v012, v024, v025, v106))
```

A tsarin DHS, shirin binciken ƙasa da ƙasa da NDHS ke ƙarƙashinsa, v005 nauyin samfuri ne, wato nauyin da ake ba amsar kowace mace a lissafi, v012 shekarun mace, v024 shiyya, v025 birni ko karkara, v106 matakin karatu. Ginshiƙi biyar sau 41,821 sau 8 bai wuce MB 1.7 ba. Daga GB 1.7 zuwa MB 1.7, ragin ninki dubu ke nan, da layi ɗaya na umarni. Idan fayil ɗinka CSV ne, fread na ƙunshin data.table yana da select da ke yin wannan aikin.

Hattara: karanto komai sannan a zaɓi ginshiƙai daga baya ba ya magance komai. Kafin ka kai ga zaɓen, RAM ta riga ta cika.

3. Auna da ma'aunin da ba ya ƙarya

Yawancin mutane object.size suka sani. Yana da amfani, amma yana da makanta iri biyu, kuma duk biyun sun shafi aikinmu. Gwada wannan:

```r
library(lobstr)
x <- numeric(1e6)
object.size(x)
jeri <- list(x, x, x)
object.size(jeri)
obj_size(jeri)
```

x zai nuna bayit 8,000,048, wato bayit miliyan takwas na lambobi miliyan ɗaya, da 48 na kan vector ɗin, wato jerin lambobin. A kan jeri, object.size zai ce wajen MB 24, obj_size kuma ya ce wajen MB 8. Na biyun ne mai gaskiya. R bai kwafi x sau uku ba, nuni uku ya yi zuwa abu ɗaya. Ba ya yin kwafi sai ranar da ka canza ɗaya daga cikinsu. Idan kana son ganin lokacin da kwafin ke faruwa da idonka, kira tracemem(x), zai riƙa buga saƙo duk sanda aka kwafe shi.

Makanta ta biyu ta fi haɗari: object.size ba ya leƙa cikin muhalli, wato environment a yaren R, ɗakin da fankishin ke ajiye kayansa yayin aiki. Abu zai iya ɗauke da ɗaki guda cike da kaya, shi kuwa ya ce maka ɗan KB ne. Saboda haka duk abin da nake shirin ajiyewa a fayil, da wannan nake auna shi:

```r
length(serialize(abu, NULL))
```

Wannan shi ne adadin bayit da abin zai zama idan aka rubuta shi kafin a matse. Riƙe shi, za mu dawo kansa a mataki na 7.

4. Rataya lakabi a jikin bayanai

R yana ba ka damar rataya ƙarin bayani a jikin kowane abu da attr. Bayanin da ya shafi ginshiƙi ɗaya, a jikin ginshiƙin za ka rataya shi. Wanda ya shafi zane gaba ɗaya, a jikin teburin.

Abin daɗi, haven ya riga ya ɗauko lakabin Turanci da ke cikin fayil ɗin Stata ya rataya shi da sunan "label". Kai mayar da shi Hausa kawai za ka yi. Ka riƙe sunan "label" ɗin nan, kada ka ƙirƙiro naka, domin shi RStudio ke nunawa a ƙarƙashin sunan ginshiƙi idan ka buɗe tebur, shi haven ke rubutawa idan za ka koma Stata ko SPSS, kuma ggplot2 daga sigar 4.0.0 ta 2025 yana ɗaukarsa da kansa ya sa a gefen zane.

```r
mata$v025 <- as_factor(mata$v025)
mata$v106 <- as_factor(mata$v106)
levels(mata$v025)
levels(mata$v106)

levels(mata$v025) <- c("Birni", "Karkara")
attr(mata$v025, "label") <- "Wurin zama"
attr(mata$v012, "label") <- "Shekarun mace"

attr(mata, "zane") <- list(
  take    = "Matakin karatun mata 'yan shekara 15 zuwa 49",
  tushe   = "Tushe: NDHS 2018",
  launuka = c(Birni = "#0072B2", Karkara = "#E69F00")
)
```

Mayar da ginshiƙi factor, wato ginshiƙin rukuni-rukuni, ma riba ce, tunda yanzu bayit 4 yake ci a layi maimakon 8. Launukan biyu kuma, shuɗi da ruwan lemo, na zaɓe su ne don ko mai matsalar bambance ja da kore zai rarrabe su. Auna mata da obj_size kafin da bayan ratayen, za ka ga ƙarin bai wuce 'yan KB ba.

Hattara ta farko: duba levels kafin ka sauya sunayensu. Umarnin bin jeri yake yi a makance. Idan ka juya tsarin, matan birni sun zama na karkara ke nan, kuma R ba zai ce maka uffan ba.

Hattara ta biyu, wadda ta taɓa cinye mini yini guda: attr yana yarda da rabin suna. haven yana rataya abu biyu masu kama, "label" sunan ginshiƙi, da "labels" ma'anar lambobin ciki. Idan ginshiƙi ba shi da "label" amma yana da "labels", ka nemi na farko, sai ya miƙo maka na biyu, ka ga jerin lambobi a inda kake jiran take. Kullum rubuta attr(x, "label", exact = TRUE).

Hattara ta uku: duk abin da tsawonsa ya kai tsawon bayanan, ba lakabi ba ne. Na sha ganin wanda ya yi ginshiƙin launi, kowane layi da "blue" ko "orange" nasa. A layi miliyan ɗaya MB 8 ke nan don faɗin abin da kalma biyu suka isa su faɗa. Launi na rukuni ne, a ajiye shi sau ɗaya da sunan rukunin. Haka nan kada ka rataya zanen kansa, ko formula, ko fankishin da aka haifa a cikin wani fankishin. Rubutu da lambobi 'yan kaɗan kawai.

5. San inda ratayen ke faɗuwa, ka tanadi ƙamus

A nan ne mutane ke yanke ƙauna da attr, kuma suna da 'yar hujja. Abin da aka rataya yana faɗuwa a hanya ba sallama.

A vector na yau da kullum, x[1:10] yana zubar da lakabi. c da as.numeric ma haka. A data.frame na asali abin yana da ban mamaki: d[1:100, ] yana riƙe abin da ka rataya a jikin tebur amma ya zubar da lakabin ginshiƙai, d[, c("a", "b")] kuma ya riƙe na ginshiƙai ya zubar da na tebur. subset, merge da aggregate duk suna zubar da na tebur. Abin da read_dta ke dawo da shi tibble ne, wani sabon salon tebur, ya fi data.frame riƙon amana wajen yanke layuka, amma da ya bi ta merge ko aggregate labari ya sha bamban.

Akwai kuma kishiyar matsalar, wadda a ganina ta fi muni: lakabi ya ƙi faɗuwa a inda ya kamata ya faɗi. Lissafi yana riƙe rataye. Idan ginshiƙi yana da lakabin "Shekarun mace" ka ninka shi da 12, sabon ginshiƙin watanni ne, amma lakabinsa na nan yana cewa shekaru. Lakabin da ya ɓace za ka lura da shi. Wanda ya zauna yana ƙarya kuwa, sai ya shiga kundi ya kai gaban masu jarrabawa. Duk ginshiƙin da ka samar ta lissafi, ba shi sabon lakabi nan take.

Maganin duka biyun shi ne kada ratayen ya zama shi ne asali. Asali ya zama ƙaramin tebur, ni ina ce masa ƙamus, tare da ɗan fankishin mai mayar da lakabi wurinsa.

```r
kamus <- data.frame(
  suna   = c("v012", "v025", "v106", "kaso"),
  lakabi = c("Shekarun mace", "Wurin zama",
             "Matakin karatu", "Kaso cikin ɗari")
)

rataya <- function(d, kamus) {
  for (i in seq_len(nrow(kamus))) {
    s <- kamus$suna[i]
    if (s %in% names(d)) attr(d[[s]], "label") <- kamus$lakabi[i]
  }
  d
}
```

Yi duk yanke-yanke da haɗe-haɗenka, sannan ka kira rataya sau ɗaya daf da zane. Bayanin tebur ma cire shi gefe tun da wuri: bayani <- attr(mata, "zane").

Hattara: sunayen abubuwa a cikin umarni, kamar kamus da takaice, na rubuta su da k mara lanƙwasa da gangan. Lakabi ya ɗauki ƙ da ɗ yadda yake so, amma sunan abu ko na fayil gara a bar shi da haruffa marasa lanƙwasa, don ranar da za ka tura wa mai tsohon R.

6. Taƙaita kafin ka zana

Zanen sanduna takwas layi takwas yake buƙata. Babu dalilin miƙa masa 41,821.

```r
mata$nauyi <- mata$v005 / 1e6
takaice <- aggregate(nauyi ~ v025 + v106, data = mata, FUN = sum)
takaice$kaso <- 100 * takaice$nauyi /
  ave(takaice$nauyi, takaice$v025, FUN = sum)
takaice <- rataya(takaice, kamus)
```

Raba v005 da miliyan ɗaya ƙa'idar DHS ce, haka ake amfani da nauyin. Wurin zama biyu sau matakin karatu huɗu, layi takwas.

Sauran nau'o'in zane ma suna da irin wannan hanya. hist(x, plot = FALSE) yana ba ka iyakoki da ƙidaya ba tare da ya zana ba. density yana dawo da ɗigo 512 ko da x miliyan goma ne. boxplot.stats yana ba da lambobi biyar na akwatin da waɗanda suka fita zakka. Idan ɗigo ne da yawa a gefe biyu, geom_bin2d ko geom_hex sun fi geom_point, ga ido ma sun fi, don ɗigo dubu ɗari baƙin tabo kawai suke zama.

Hattara: ecdf kamar taƙaitawa yake, amma fankishin yake dawo da shi, kuma a muhallinsa yana riƙe da duk mabambantan ƙimomin x. object.size zai ce maka ƙarami ne. Auna da serialize ka gani.

7. Zana, amma kula da abin da zanen ya haɗiye

```r
library(ggplot2)
zana <- function(d, bayani) {
  ggplot(d, aes(v106, kaso, fill = v025)) +
    geom_col(position = "dodge") +
    scale_fill_manual(values = bayani$launuka) +
    labs(title = bayani$take, caption = bayani$tushe,
         x = attr(d$v106, "label", exact = TRUE),
         y = attr(d$kaso, "label", exact = TRUE),
         fill = attr(d$v025, "label", exact = TRUE))
}
p <- zana(takaice, bayani)
```

Yanzu duk zanen da za ka yi daga wuri ɗaya yake ɗebo take da launi. Ka gyara a ƙamus, ya gyaru ko'ina.

Sai babban tarkon. p ɗin nan ba hoto ba ne. Umarnin yadda za a yi hoto ne, tare da kayan yinsa. A cikinsa akwai teburin da ka miƙa masa, dukkansa, har da ginshiƙan da zanen bai taɓa ba. Akwai kuma muhallin da aka haife shi. Idan a fili ka yi zanen, ba cikin fankishin ba, muhallinsa shi ne na gaba ɗaya, shi kuwa R ba ya rubuta abin da ke cikinsa a fayil. Amma idan a cikin fankishin aka yi shi, duk abin da ke cikin fankishin ɗin a lokacin yana biye da shi. Ga irin rubutun da ke jawo wannan:

```r
zana_mugu <- function(fayil) {
  duka <- read_dta(fayil)
  kadan <- aggregate(v012 ~ v024, data = duka, FUN = mean)
  ggplot(kadan, aes(factor(v024), v012)) + geom_col()
}
```

Ga ido layi shida aka zana, shiyyoyin Najeriya shida. Amma duka yana nan a ɗakin, kuma zanen yana riƙe da mukullin ɗakin. Muddin p na raye, RAM ɗin da duka ya ci ba za ta dawo ba, ko ka kira gc, umarnin share RAM, sau ɗari. Ka yi saveRDS, umarnin ajiye abu a fayil na R mai suna RDS, duka ya bi shi cikin fayil. Ka yi haka a madauki na jihohi 36 kana tara zanuka a list, kowanne da nasa kwafin, ka san sauran.

Gyaran mai sauƙi ne: raba aikin biyu. Fankishin ɗaya ya karanta ya taƙaita ya dawo da ƙaramin tebur, wani daban ya karɓi ƙaramin ya zana, kamar zana na sama. Idan ba yadda za ka yi, sa rm(duka) kafin layin ggplot. Sannan ka auna p da serialize. Zane mai layi takwas da ya kai gomman MB, akwai abin da ya haɗiye.

Irin wannan ciwon yana kama lm da glm, umarnan lissafin regression. Sakamakonsu yana ɗauke da kwafin ginshiƙan da aka yi lissafi da su, kuma formula ɗinsu tana riƙe da muhallinta. model = FALSE yana rage kwafin farko. Idan ƙididdigar kawai kake so, ajiye coef(summary(m)) ka bar sauran.

Hattara, kuma wannan ta wuce batun RAM: wanda ka tura wa p a fayil ɗin RDS ka ba shi bayanan da ke ciki, layi-layi. Ƙa'idar DHS ta hana miƙa bayanansu ga wanda bai yi rajista ba. Idan kuwa bayanan asibiti ne ko na makaranta masu ɗauke da sunaye da lambobin waya, kai a zatonka hoto ka tura, alhali rajistar mutane ce.

8. Ajiye abu uku, kowanne a mazubinsa

Hoto a matsayin hoto. Taƙaitaccen tebur da bayaninsa a RDS. Rubutun umarni a fayil ɗin R. Da waɗannan ukun za ka sake haifar da zanen cikin daƙiƙa, ba sai ka ajiye p ba.

```r
ggsave("karatu.png", p, device = ragg::agg_png,
       width = 16, height = 10, units = "cm", dpi = 300)
ggsave("karatu.pdf", p, device = cairo_pdf,
       width = 16, height = 10, units = "cm")

saveRDS(list(tebur = takaice, bayani = bayani, kamus = kamus),
        "karatu.rds")
```

Dalilin cairo_pdf shi ne haruffanmu. Na'urar pdf ta asali ba ta san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba, sai ta sa ɗige-ɗige a madadinsu ta jero maka gargaɗi. cairo_pdf da ragg suna rubuta su daidai, muddin nau'in rubutun da ka zaɓa yana da su. A Windows kuma, sai daga R 4.2.0 na 2022 ne UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffa irin ƙ da ɗ, ya zama tsarin rubutu na asali. Kafin nan lakabin Hausa yakan koma wasu alamomi marasa kan gado. Wanda har yanzu ke kan R 3.6 ko 4.1, ya sabunta kafin ya zargi umarninsa.

PDF kuma kowane ɗigo yake rubutawa ɗaya bayan ɗaya. Ya dace da sanduna da layuka. Zanen ɗigo dubu ɗari biyar a PDF zai yi nauyi ya riƙa jan ƙafa wajen buɗewa, a ba shi PNG.

RDS yana riƙe duk wani rataye, kuma yana matse fayil da gzip da kansa. compress = "xz" yana ƙara matsewa amma ya fi jinkiri. Amfaninsa idan za ka tura fayil ne kana tattalin data. Matsewar ta faifai ce kawai, idan ka buɗe girman RAM na nan yadda yake.

Hattara: CSV ba ya ɗaukar rataye ko ɗaya. Idan dole sai CSV, fitar da ƙamus a CSV na biyu su tafi tare. In Excel ne zai buɗe, yi amfani da write_excel_csv na ƙunshin readr, shi ke sa alamar da Excel ke gane UTF-8 da ita. write_dta yana ɗaukar "label" amma ba ya ɗaukar "zane" ɗin da ka ƙirƙira, kuma Stata ba ya karɓar lakabin da ya wuce haruffa 80.

9. Share wuri

rm yana cire suna ne kawai. RAM tana dawowa ne idan ba sauran abin da ke nuni zuwa ga kayan. Idan ka yi rm(p) da gc ba ka ga canji ba, ga wuraren da nake fara dubawa. ggplot2 yana riƙe zanen ƙarshe don last_plot. R yana riƙe sakamakon umarnin ƙarshe a .Last.value. RStudio yana tara tarihin zanuka a ɓangaren Plots, alamar tsintsiya ko graphics.off() ke share su.

Sai .RData, fayil ɗin da ake zuba duk kayan aikinka lokacin fita, wanda a ganina ya fi kowa laifi wajen sa RStudio ya ɗauki minti biyar yana buɗewa. Je Tools, Global Options, General. Cire alamar da ke kan dawo da .RData lokacin buɗewa, ka mayar da ajiye shi lokacin fita zuwa Never. Wasu suna barinsa don tsoron ɗaukewar wuta, amma ai sai an rufe lafiya yake ajiyewa, wutar da ta ɗauke ba zato ba ta ba shi wannan damar. saveRDS bayan kowane mataki mai cin lokaci shi ne kariyar gaske.

Hattara: za ka ci karo da tsofaffin shawarwari a intanet masu cewa ka kira memory.limit ka ƙara iyaka. Tun R 4.2.0 wannan umarnin ya daina aiki, gargaɗi kawai zai ba ka.

Gwajin ƙarshe kafin ka ce ka gama: danna Ctrl+Shift+F10 a RStudio R ya tashi sabo, sake kiran library(ggplot2) da rubutun fankishin zana, karanto "karatu.rds" kaɗai, ka kira zana(a$tebur, a$bayani) bayan a <- readRDS("karatu.rds"). Idan zanen ya fito da takensa da launukansa da ƙ ɗinsa ba tare da ka taɓa babban fayil ɗin Stata ba, kuma RDS ɗin bai wuce 'yan KB ba, to shi za ka tura wa mai duba kundinka.